Kafin Ki Ɗora Hotonsa a Facebook

Wasiƙar wannan makon daga Gusau ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan makarantar da na malamin, za ku ga dalili a cikin amsar.

"Assalamu alaikum Inna. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aji biyu a wata babbar makaranta a jihar nan. Wani malaminsu ya matsa mata tun bara. Yana turo mata saƙo a WhatsApp cikin dare, ya ce ta same shi a wani masauki in tana son ta haye kwas ɗinsa. Ta ƙi, ya kayar da ita. Kwanan nan ya sake turowa cewa in ba ta yi hankali ba za ta sake maimaitawa. Saƙonnin suna nan a wayarta. Ƙawayenta sun ce ba ita ce ta farko ba, har akwai wadda ya yi wa ciki. Inna, raina ya ɓaci. Na samo hotonsa, na rubuta: 'Jama'a, ga mazinacin malamin da ke lalata ɗiyan mutane, ya yi wa ɗaliba ciki, yana sayar da maki da jikin mata.' Ina gab da ɗorawa a Facebook da TikTok mijina ya fizge wayar, ya ce za a ɗaure ni. To ni da nake da gaskiya, ta yaya za a ɗaure ni? Shiru za mu yi ke nan ya ci gaba?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kafin komai ki je ki yi wa maigidanki godiya, ko da har yanzu kina jin haushinsa. Wayar nan da ya fizge ita ta hana ki miƙa wa malamin kyautar da bai taɓa mafarkin samu ba. Da kin ɗora rubutun nan, kafin gari ya waye shi ne mai ƙara, ke ce wadda ake tuhuma, maganar ƙanwarki kuma ta bi ruwa.

Ban ce ki yi shiru ba. Ɓacin ranki a kan hanya yake. Mutumin da aka damƙa wa jan biro amana ya mai da shi ƙugiyar kamun ɗiyan mutane bai cancanci rufin asiri ba, kuma addini bai ce a rufa masa ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba Ya son a bayyana mummunar magana, sai dai ga wanda aka zalunta. Ƙanwarki kuwa an zalunce ta. Abin da za mu zauna mu tsefe shi ne wace magana za a faɗa, wa za a fara faɗa wa, kuma daga bakin wa za ta fito.

Ɗauko rubutun naki mu zuba shi a faifai, mu tsince shi kamar shinkafar gida. Kin ce mazinaci ne. Kin ce ya yi wa ɗaliba ciki. Kin ce yana sayar da maki da jikin mata. To ki ɗauka alƙali ya leƙo ki ta saman tabarau ya ce, "Malama, ina hujjarki?" Me za ki ajiye a gabansa? Saƙon da ya ce ta same shi a masauki, da saƙon da ya ce za ta sake maimaita kwas. Iyakar abin da ke hannunki ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sauran duk "ƙawayenta sun ce" ne. Wace ɗaliba aka yi wa cikin? Kin san sunanta? In ma kin san ta, kina tsammanin za ta tsaya a kotu, gaban mahaifinta da wanda zai aure ta, ta ce e, ni ce? Rantsuwa za ta yi ba ta san zancen ba, ƙawayen da suka ba ku labari kuma kowace ta ce ita ma ji ta yi. Mai yiwuwa ma uban wata yarinyar ya riga malamin kai ki ƙara, don da zarar an ce "wata ɗaliba" a makaranta, kafin kwana biyu an laƙaba wa wata baiwar Allah, ko ita ce ko ba ita ba.

Ki kuma tuna inda kike zaune. Tun ranar 27 ga Janairun 2000, zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kotunan shari'ar Musulunci a Zamfara suke hukunta manyan laifuka, ƙazafi kuma yana cikinsu. Wanda ya jefi Musulmi da zina bai kawo shaidu huɗu ba, hukuncinsa bulala tamanin, a kuma daina karɓar shaidarsa, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nur. Ayar mata ta ambata, amma malamai sun haɗu a kan cewa namiji ma in aka jefe shi hukuncin ɗaya ne. Shaidu huɗun nan kuma ba masu cewa "mun gan su sun shiga ɗaki" ba ne. Gani ƙuru-ƙuru ake nufi, irin wanda da wuya a same shi. Kada ki ɗauka a littafi kawai abin ya tsaya. A watan Satumban 2000 wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da aka samu da ciki bulala ɗari, ta ƙara mata tamanin saboda ta kama sunan maza uku ba ta iya tabbatarwa ba. Daga baya an janye tamanin ɗin, amma mazan sun yi tafiyarsu. Yarinyar nan a jikinta abin ya faru, ga ciki kowa na gani, duk da haka kama suna ya zame mata laifi na biyu. Ina ga ke da labari kawai kika ji?

Kada kuma ki ce za ki yi wayo da habaici. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, gugar zana ma in kowa ya gane zina ake nufi, ƙazafi ce. In kika saka hotonsa kika rubuta "mu dai mazajenmu ba sa kai ɗalibai masauki", kin faɗa ke nan.

Ga abin da nake so ki lura da shi sosai. Ƙanwarki ta ƙi zuwa. Ashe a labarinta babu zina sam. Akwai nema, akwai barazana, akwai cin amanar aiki, kuma waɗannan sun isa su raba shi da kujerarsa. Kalmar da ta fi komai haɗari a rubutunki ke kika ɗauko ta daga waje kika liƙa, alhali ba kya buƙatarta. Kuma kin san mutanenmu. In suka karanta "yana lalata ɗiyan mutane" a shafin yayar wance, ba malamin za su fara kallo ba. Wance za su kalla a gidan biki.

Ta ɓangaren dokar boko ma ƙofa uku ce zai iya biyo miki. A kundin hukunta laifuka na Finalkod da Arewa ta gada tun 1960, sashe na 391 ya yi bayanin ɓata suna, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun sauya, amma laifin yana nan. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, a ƙarƙashin wannan doka gaskiyar magana kaɗai ba ta fitar da mutum, sai an nuna cewa bayyana ta akwai amfanin jama'a a ciki. A naki lamarin amfanin jama'a a fili yake, tunda malami ne da ɗalibai a hannunsa. Gaskiyar ce za a ce ki tabbatar, kowace jimla da tata hujjar. Sai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa sashen ya ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, an kuma yi masa kwaskwarima a Fabrairun 2024 aka rage faɗinsa, amma har yanzu 'yan sanda suna ɗaukar mutane da sunansa. Ƙofa ta uku ita ce ya je babbar kotu ya nemi diyya ta miliyoyi. A can abin da ake buƙata daga gare shi kaɗan ne: ya nuna kin wallafa, da shi kike, kuma maganar mai zubar da mutunci ce. Daga nan nauyi ya dawo kanki, ke za ki tabbatar gaskiya kika faɗa.

Kin dai ji na Kano a Nuwamban 2022, samari biyu masu barkwanci a TikTok da kotun majistare ta yanke wa bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana talatin kan ɓata sunan gwamnan lokacin, Ganduje. A cikin watan ne aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja saboda jimla ɗaya da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da aka yi ta surutu kafin aka janye ƙarar. Za ki ce ai waɗannan manya suka taɓa. To bari in ba ki na unguwa.

Wata maƙwabciyata, mai sayar da atamfa a gida, aka turo mata saƙon murya a zauren WhatsApp na iyayen yara, wai ma'ajin wata Islamiyya ya cinye kuɗin ginin aji. Ba ita ta yi maganar ba. Turawa kawai ta yi zuwa zauren matan unguwa, ta ƙara da "Allah Ya isa". Ranar Juma'a bayan la'asar, tana tankaɗen garin tuwo, 'yan sanda biyu suka yi sallama. Masu kai irin wannan ƙorafi sun san dalilin da ya sa suke son Juma'a, kotu ba ta zama sai Litinin. Da gari a hannunta ta ja hijabi ta bi su, goyonta yana ihu a hannun kishiya. Mijinta ya kai tsakar dare yana buga ƙofofi neman wanda zai tsaya mata. Ƙarshenta sai da ta yi sabon saƙon murya, muryarta na rawa, tana ba da haƙuri, aka tura shi duk zaurukan da na farkon ya shiga. Kuɗin ginin kuwa, tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsu. Ni ina da nawa ra'ayin kan inda suka shiga, amma kin ga ban rubuta shi a nan ba.

Abin da ya kayar da ita shi ne tunanin cewa "an ce" garkuwa ce. A shari'ar ɓata suna wanda ya maimaita magana da wanda ya ƙirƙire ta jirgi ɗaya ya kwaso su. Ki rubuta "wai", ki rubuta "ana zargin", ki rubuta "kamar yadda aka turo mini", duk ba su canza komai in abin da ke biye ba ki iya tabbatar da shi. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya riga lauyoyi faɗa: ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Haka nan "ai ban kama suna ba". In kika ce malamin kwas kaza a makaranta kaza, mai farar mota, kowane ɗalibi ya san shi, to kin kama suna. Asusun bogi ma ban ba ki shawara ba. Wadda ta samo miki hotonsa ta san ke ce, mijinki ya sani, ƙawayen ƙanwarki sun sani, kuma sirrin mutum biyar a Gusau ba ya kai mako.

To ina mafita? Dokar da ta hana ɓata suna ita da kanta ta bar ƙofa a buɗe. Cikin keɓance-keɓancen sashe na 391 akwai cewa kai ƙorafi da kyakkyawar niyya ga wanda ke da iko a kan mutum ba ɓata suna ba ne. Malamanmu ma haka suka karantar. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kuka ga shugaba ko alƙali ko wanin su mai ikon ƙwato masa haƙƙi. Hindu 'yar Utba gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta je ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba a ce ta yi giba ba, mafita aka ba ta. Maganar da in kika faɗe ta a kasuwa za ta ja miki sammaci, in aka rubuta ta ga hukumar makaranta doka ce za ta tsaya miki.

Amma kafin takarda, waya. Yau ɗin nan ku zauna ke da ƙanwarki ku adana komai. Kada ta goge ko ɗigo, kada ta toshe lambarsa tukuna. In ta ajiye shi da wani suna, irin "Malam Jaraba" da yara ke sakawa, ta cire sunan kafin ta ɗauki sikirinshot, don lambar ta fito ɓaro-ɓaro tare da rana da lokaci. Hoton saƙo mai ɗauke da laƙabi kawai, lauyansa zai ce ku kuka ƙirƙira da wani layi. Ta fitar da hirar gaba ɗayanta ta tura a imel ɗinta da naki. Ta duba ko an kunna saƙo mai ɓacewa da kansa, ta kashe. Duk sabon saƙon da ya turo ta ɗauki hotonsa nan take, don WhatsApp yana ba mai turawa kusan kwana biyu ya goge daga ɓangarorin biyu. Wayar kanta kada a sayar, kada a yi musanye da ita, ko da fuskarta ta fashe. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a karɓi hujjar da ta fito daga na'ura, amma sai an yi bayanin na'urar da yadda aka fitar da hujjar, don haka ana iya cewa a kawo ta.

Ki kuma karanta hirar da idon abokin gaba, tun daga farko har ƙarshe, har da amsoshinta. Yarinya mai tsoron faɗuwa takan lallaɓa malami, ta yi masa dariyar yaƙe, ta ce "to Malam, sai na duba". Mai yiwuwa ya taɓa turo mata katin waya ta karɓa. Wannan bai wanke shi ba ko kaɗan, shi ne babba, shi ke riƙe da maki. Amma gara ku san da shi yanzu a ɗaki da a karanto muku shi a gaban kwamiti. Kada ku yanke wani yanki ku ɓoye, don ranar da ya fito da cikakkiyar hirar daga tasa wayar, gaskiyarku ma sai ta koma abin zargi. In bai taɓa samun amsa ƙarara ba, ta tura masa guda ɗaya cikin ladabi: "Malam, ba zan zo ba, don Allah a daina turo mini irin wannan saƙon." Daga nan ta yi shiru. Kada kuma wani ya zuga ku ku ɗana masa tarko da kanku, a ce ta je masaukin samari su faɗo da kyamara. Yarinyar za ku jefa cikin haɗari, kuma hoton da zai yi yawo nata ne a ɗakin otal.

Takardar ƙorafin ita za ta rubuta, da sunanta da lambarta ta ɗaliba. A bushe za a rubuta ta, ba zagi, ba Allah Ya isa. Ranar kaza da ƙarfe kaza, daga lamba kaza, ya rubuto kaza, a kwafo kalmominsa yadda suke. Na ƙi. Sakamako ya fito ranar kaza, na faɗi kwas kaza. Ranar kaza ya sake rubuto kaza. Sai abin da take roƙo: a yi bincike, a ba wani malami daban takardar jarrabawarta ya sake makawa, a kuma cire jarrabawarta ta gaba daga hannunsa. A kai wa shugaban makaranta ta ofishin rajistara. Kada a tsaya kan shugaban sashe kaɗai, don sau da yawa tare suke shan shayi. A yi kwafi biyu, a buga wa nata hatimin karɓa da kwanan wata, ta dawo da shi gida. Maganar cikin wata kada ta shiga takardar ko da layi ɗaya. In akwai wasu 'yan matan da ya taɓa, kowace ta rubuta nata da hannunta. Uku da suka rubuta abin da ya same su sun fi ɗari masu "mun ji". Kuma kada kwafin takardar ya shiga zauren 'yan aji ko na dangi, don kariyar da doka ta ba ƙorafi ta tsaya ne ga waɗanda ke da hurumin jin sa.

In makarantar ta gwamnati ce, akwai hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci, wadda ke ɗaukar neman ɗaliba da maki a matsayin cin amanar ofis. Ita ta gurfanar da wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, jami'ar ta kore shi, babbar kotun tarayya a Osogbo kuma ta ɗaure shi shekara biyu a Disamban 2018. Na san za ki ce ai wancan ma sai da faifan hirarsa da ɗalibar ya yi yawo a intanet aka motsa. Gaskiya ne. Amma dubi abin da ya yi yawon: muryarsa ce, kalmominsa ne, ba wanda ya ƙara gishiri, kuma ɗalibar ta fito ta tsaya a kan maganarta gaban masu bincike. Ban da ICPC, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a Gusau, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai Legal Aid mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Ki nemi lauya ya karanta takardar kafin a kai. Kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai kuɗin beli da zirga-zirgar kotu ba.

Mu ce kun yi duk wannan, an danne takardar, wata uku ba kira ba amsa. A nan ne fitowa fili ke da ma'ana, kuma a nan za ki ga amfanin hatimin nan. Abin da za a rubuta ya yi kama da haka: "Ranar kaza wata ɗaliba ta kai ƙorafi a rubuce ga hukumar makaranta kaza, cewa wani malami ya nemi ta same shi a masauki kafin ta ci kwas ɗinsa. An karɓi takardar, ga hatimi. Yau wata uku ba a kira ta ba. Muna roƙon hukumar ta yi bincike." Kowace jimla a nan akwai takarda a bayanta. Babu hotonsa, babu laƙabi, kuma bakin bindigar yana kallon hukumar da ta yi barci, wadda ita ce ta fi jin kunyar jama'a. Kina da damar faɗar ra'ayinki a kan abin da kika nuna, ki ce a ganinki wannan jan ƙafa abin kunya ne. Amma "a ganina mazinaci ne" ba ra'ayi ba ne, tuhuma ce aka ɗaura wa ɗankwali. In da hali ma, ki ba ɗan jarida na gaske labarin, wanda zai duba hujjojin, ya kira malamin da makarantar ya ji ta bakinsu kafin ya buga. Shafukan tsegumi masu cewa "turo mana a ɓoye" kuwa, ranar da aka matsa musu lambarki za su miƙa. In kuma kin wallafa, ki sa ido kan masu sharhi, duk wanda ya zo yana kama suna yana ƙara nasa ki goge, kada ki danna masa alamar so.

Ba zan ruɗe ki ba, ko wannan tsaftataccen rubutun bai hana shi kai ƙara in ya ga dama. Kowa na iya kai ƙara. Bambancin shi ne za ki shiga kotu da abin kare kai a hannu. In takardar lauyansa ta zo tana neman ki janye ki ba da haƙuri cikin kwana bakwai, kada ki amsa a Facebook, kada ki kira shi, ki kai wa lauyanki. In 'yan sanda suka gayyace ki, kada ki je ke kaɗai, kada ki sa hannu kan abin da ba ki karanta ba.

Manya ma za su zo, wannan kam ki sa a ranki. Za a aiko limami ko wani dattijo a ce a rufa asiri, mutum ne mai iyali. Sulhu ba laifi ba ne in ƙanwarki ta zaɓe shi da kanta, amma ya kasance an sake maka takardarta, an raba ta da kwas ɗinsa, kuma hukumar makaranta ta san da maganar a rubuce. Sulhun zaure da aka tashi da fatiha kawai, baɗi wata yarinyar ce za ta karɓi saƙon dare.

A duk wasiƙarki ban ga inda kika ce ƙanwarki ta amince a ɗora ba. Kin tambaye ta? Ita za ta koma ajin nan ranar Litinin, ita abokan malamin za su koyar a zango mai zuwa, ita za a nuna da baki a bakin get. Kuma kin fi ni sanin mahaifinku. Akwai iyayen da in suka tsinci irin wannan labari a waya, maimakon su bi haƙƙin yarinya sai su ce ta tattaro kayanta, karatun ya isa haka, a nemo mata miji. Malamin ya ci riba biyu ke nan. Don haka Baba ya ji daga bakinku, a cikin gida, da saƙonnin a gabansa, ya ga da idonsa inda ɗiyarsa ta ce a'a. In akwai kawu ko baffan da yake jin maganarsa, ku fara da shi. Ranar kai takarda kuma namiji babba daga gidanku ya raka ta, ya zauna a ofishin har a buga hatimi. Ma'aikatan rajistara suna yi wa takardar da uba ya rako wani irin kallo daban.

Ki sake rubuto mini bayan kun kai, ki faɗa mini ranar da ke jikin hatimin, daga ita za mu fara ƙirga. Rubutun nan da hoton da kika ajiye a waya kuma ki goge su yau, kada yaro ya ɗauki wayar yana wasa ya danna.